Yadda nake tsara dokar da kwamfuta za ta iya aiki da ita

Jimlar da ta fi ba ni kunya a aikina na tsara daftarin dokoki gajeriya ce: "mai nema zai kawo takardar da kansa, ya sa hannu a gaban jami'i." Da aka tashi mayar da aikin intanet, jimlar nan ta zame wa masu haɗa manhaja ƙarfen ƙafa, sai da aka koma majalisa aka gyara sashen. Tun daga ranar ba na fara rubutu sai mai haɗa manhaja yana zaune kusa da ni, tare da ma'aikacin da zai riƙa karɓar buƙatun jama'a. Denmak ma ta mayar da irin wannan tunani ƙa'ida: a 2018 jam'iyyun majalisarta suka amince a riƙa auna sababbin ƙudurori da ƙa'idoji bakwai, don a ga ko za su aiwatu ta kwamfuta.

Ka fara da farautar kalmomin da ke ɗaure doka da takarda: hatimi, kwafin asali, wasiƙa ta gidan waya. Tambayi kanka me ake nema da su. In sa hannu ne, ana son a san wane ne, kuma ya yarda. To rubuta hakan, ka bar hanyar a buɗe. Dokar misali ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan cinikin intanet ta 1996 a kan wannan dabara aka gina ta. Kada kuma ka ambaci sunan wata fasaha, doka takan fi manhaja tsawon rai.

Inda na fi daɗewa shi ne ma'anar kalmomi. "Kuɗin shiga" na wane lokaci, wata ko shekara? Kafin cire haraji ko bayansa? "Kwana 30" daga ranar aika sanarwa ko ranar da ta isa, kuma da ranakun hutu a ciki? Ma'aikaci yakan cike irin wannan giɓi da hankalinsa. Na'ura kuwa abin da aka sa mata shi za ta yi wa kowa, kuskure ɗaya ya zama dubbai. Dubi Ostareliya: tallafin kuɗi da gwamnati ke ba mabuƙata ana lissafa shi bisa abin da mutum ya samu a kowane mako biyu, amma tsarin da aka laƙaba wa suna Robodebt ya ɗauki kuɗin shekara daga hukumar haraji ya raba daidai wa daida. Mai aikin ɗan lokaci ya wayi gari da bashin da bai ci ba, wai an biya shi tallafi fiye da haƙƙinsa. A 2019 gwamnati ta amince a gaban kotu cewa lissafin ya saɓa doka. Don haka kafin in ƙirƙiri sabuwar ma'ana, nakan duba ko wata doka ta riga ta fassara kalmar, in ɗauko ta yadda take.

Daga nan sai ka raba sharuɗɗan gida biyu. Wanda amsarsa e ce ko a'a, kamar shekaru ko ranar rajista, rubuta shi a sarari: idan kaza, to kaza. Wanda ke buƙatar duba halin mutum, kamar "dalili mai ƙarfi", kada ka matse shi ya koma lamba don kawai masu manhaja su huta. Faɗi ƙarara cewa jami'i ne zai yanke, a ba da dalili a rubuce, a kuma nuna inda ake ɗaukaka ƙara.

Bayanan da gwamnati ta riga ta mallaka, kada a sake wahalar da mutum ya kawo su. Estoniya ta yi suna a nan. Amma doka ta fayyace wace hukuma ce za ta ɗauko me, don wane aiki, na tsawon wane lokaci. A kuma bar ƙofa ga wanda ba ya iya amfani da intanet.

Kafin in miƙa daftari, nakan ƙirƙiri mutum goma masu rikitaccen hali: wanda ya sauya aiki a tsakiyar wata, wadda mijinta ya rasu ana cikin duba buƙatarta. Ni da mai manhaja kowa ya bi sassan shi kaɗai, sannan mu gwama amsa. Duk inda muka saɓa, wannan sashen nake sake rubutawa. Ranar fara aiki da dokar kuwa ba na cike gurbinta sai ya faɗa mini watanni nawa ginin manhajar da gwajinta za su ci.