Yadda ake haɗa garin zogale cikin abincin tarwada

Masu kiwon jatan lande a ƙasashe irin su Indiya da Indunusiya kan tatso ruwan ciyawar teku su shafa wa abincin kiwonsu, domin sinadaran da ke cikinta suna taimaka wa jatan landen wajen jure cuta. Mu a Kano da Jigawa teku ta yi mana nisa, amma dabarar za ta yi mana aiki da zogalen da ke bayan gida. Busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne.

Ka tsinko ganyen, ka wanke, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana tana ƙona amfaninsa. Idan ya bushe har yana murmushewa a hannu, sai a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi.

Wajen awo ne ake yin ɓarna, don haka ka sa sikeli. Fara da giram 20 a kowane kilo na abinci, kada ka wuce giram 50. Zogale na da sinadarai masu ɗaci da ke hana kifi cin moriyar abinci idan sun yi yawa, sai ka ga tarwada na ci amma ba ta girma. Ƙari ne kawai, ba zai maye gurbin abincin buhu ba.

Busasshen gari ba ya kama ƙwayar abinci. Da ka watsa, zai wanke ya gurɓata ruwa. Maganin wannan shi ne ƙaro, wanda ba ya wuyar samu a Jigawa. Ka jiƙa ɗan kaɗan tun da dare, ka dama garin a ciki ya yi ruwa-ruwa, ka yayyafa kan abincin a faffaɗan baho kana juyawa da hannu har kowace ƙwaya ta yi kore. Baza shi a inuwa ya sha iska kamar rabin awa. Na rana guda kawai za ka haɗa, domin abinci mai danshi yana saurin fumfuna, fumfunar kuwa guba ce ga kifi.

Shawarata, a tafki ɗaya za ka fara, ka bar ɗayan a kan abincin da ya saba. Duk bayan mako biyu ka kamo kifi goma daga kowanne ka auna. Idan masu cin zogalen suna barin abinci a saman ruwa, rage garin.