Yadda Ake Kwashe Tsohon Kaset Zuwa Kwamfuta

Tun 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, yau kuwa rikodar da za ta juya shi ma sai an tona. Mai kwalin kaset na tafsiri, wa'azi ko waƙar biki ya kwashe su tun zaren bai lalace ba.

Kada ka yi gaggawar jefa kaset a rikoda. Leƙa ta tagarsa tukuna: in ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, ware shi gefe don kada ya ɓata sauran. Zura biro a ramin ka juya a hankali, zaren da ya saki ya ɗame. Duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren, shi ke danna shi jikin kan rikoda. In ya faɗi, murya za ta dusashe. Kaset mai sukurori ana kwance shi a mayar da zaren cikin gidan wani mai lafiya. Sannan ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na sama, don ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba abin da zai goge.

Yawancin cin zare laifin rikoda ne. Jiƙa auduga da sifirit ka goge kan da ke karanta zaren, da ɗan sandan ƙarfen da ke jan sa, da tayar robar da ke matse shi, ka bari su bushe. In murya tana rawa ko tana jan ƙafa, bel ɗin ciki ya saki, sai an canza. Gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Kaset mai lamba C120 zarensa siriri ne sosai, yana saurin tsinkewa, a lallaɓa shi.

Haɗa waya mai kai 3.5mm daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa kwamfuta. Yawancin kwamfutocin cinya ramin makirufo kawai gare su, sauti kan fashe a nan, gara ƙaramin katin sauti na USB. Buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kyauta, sa ingancin ɗauka a 44,100 Hz, ka rage ƙara har ma'aunin ƙarar sauti ya tsaya wajen -6 dB.

Ba a gaggauta wannan aiki: C90 minti 45 ne kowane gefe, haka za ka zauna. Ajiye asali a WAV, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, minti ɗaya kusan MB 10, ka fitar da MP3 don turawa a WhatsApp. Kaset ɗin kuma a adana shi a tsaye, nesa da rana, danshi da lasifika, saboda maganaɗisunta yana cin sauti.