Yadda Za Ka Shiga Aikin Tsara Dokokin Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare Da Ka Zama Mai Bincike Ba

Wannan fage yana buƙatar masu tsara ayyuka, masu hulɗa da 'yan jarida, lauyoyi da masu shirya taruka. Hanya mai sauƙi ta shiga ita ce shirin horo na 'yan watanni mai alawus.

1. Fara da tantance abin da ka riga ka iya. Idan ka taɓa riƙe kasafin kuɗin ofis ko rubuta jawabin shugaba, wannan shi ne jarinka.

2. Karanta abu biyu da kyau: dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, da shawarwarin da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2021 kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira. Dokar Turai ta kasa manhajoji gwargwadon haɗarinsu, har ta haramta wasu kwata-kwata. Ka zauna da biro, ka ja layi ƙarƙashin duk sashen da ya shige maka duhu, ka koma kansa washegari. A ganina, nan ne masu nema da yawa ke gaggawa, kuma a hirar tantancewa ake gane su.

3. Zaɓi shiri. GovAI, wata cibiyar nazarin tsara dokokin ƙirƙirarriyar basira a Ingila, na ɗaukar mutane lokacin bazara da hunturu, Horizon kuma, wata cibiya a Amurka, na tura mutane ofisoshin gwamnati a Washinton. Duba sharaɗin izinin aiki kafin ka wahalar da kanka.

4. Rubuta takardar shawara mai shafi ɗaya kan matsala guda, ka ba wani ya gyara maka.

5. In an ɗauke ka, ka nemi mai ba ka shawara tun makon farko, ka kuma fara cigiyar aiki kafin shirin ya ƙare.