Yadda za ka bi labarai da wasannin Amurka daga Sakkwato ba tare da an ruɗe ka ba

Duk wanda ya saba zama a majalisar dare a Sakkwato ya san yadda gardama take kaurewa da zarar wani ya ɗaga waya ya ce ya gani a tashar Amurka. Kafin a amsa masa, ya kamata a tambaye shi wace tasha ce, kuma daga bakin wa maganar ta fito.

Ka fara da sanin lokaci. Nijeriya tana gaban New York da awa 6, amma daga Maris zuwa farkon Nuwamba tazarar takan koma awa 5, saboda suna matsar da agogonsu gaba. Labaran yamma na ABC da CBS da NBC, waɗanda ake farawa da ƙarfe 6:30 a can, suna riskarmu da 11:30 ko 12:30 na dare. Mai son ya samu jam'in asuba gara ya bari sai da hantsi ya neme su a YouTube.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka bambanta mai kawo rahoto da mai sharhi, domin dukansu suna zama a bayan teburi iri ɗaya, da kwat iri ɗaya. David Muir, wanda yake gabatar da labaran yamma na ABC tun 2014, aikinsa karanta rahotannin wakilai ne. Sean Hannity na Fox News kuwa ra'ayinsa yake faɗa, kuma yana tare da masu ra'ayin riƙau, kamar yadda Rachel Maddow take faɗin nata daga ɓangaren masu sassauci. Idan ka ji an ambaci majiya, an nuna wurin da abin ya faru, an kuma ba wanda ake zargi damar kare kansa, to rahoto kake kallo. Idan kuwa mutum ɗaya ya shafe minti goma yana gaya maka wanda ya kamata ka ji haushinsa, wannan sharhi ne.

Akwai dalilin da ya sa sharhi ya yi yawa haka. Galibin tashoshin nan na 'yan kasuwa ne, da kuɗin talla da na masu biyan kallo suke rayuwa, kuma tun da Ted Turner ya buɗe CNN a Atlanta a 1980 aka shiga neman abin da za a cike awa 24 da shi kullum. Zafin magana yana tara jama'a, kuma ya fi tura wakili fagen daga araha. Wani lokaci abin yakan wuce gona da iri: a 2023 Fox News ta amince ta biya Dominion, kamfanin na'urorin zaɓe da ya kai ta ƙara, dala miliyan 787.5 a kan zarge-zargen maguɗin zaɓen 2020 da aka yaɗa a tasharta. Ni dai wannan shari'a ta ishe ni hujjar cewa girman tasha ba ya hana a bincika maganarta.

Saboda haka, idan guntun bidiyo ya shigo maka ta WhatsApp ɗauke da tambarin wata tasha, ka nemi cikakkensa a shafinta, ka duba ranar da aka watsa shi, sannan ka ga ko kamfanonin dillancin labarai na Associated Press ko Reuters sun kawo labarin. Idan maganar ta shafi Nijeriya, ka gwada ta da abin da 'yan jaridarmu da suka je wurin suka shaida kafin ka tura wa kowa.

A fagen wasanni ma haka abin yake. Tashar wasanni ta ESPN, wadda aka kafa a 1979, tana da shirin First Take, inda Stephen A. Smith yake ɗaga murya yana gardama. Ka ji daɗinsa yadda kake jin daɗin musun gidan kallon ƙwallo, amma sakamako da alƙaluma ka ɗauko su daga shafin gasar. Ka kuma lura cewa idan Ba'amurke ya ce "football", wasan ture-turen da ake kammala kakarsa da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu yake nufi, ƙwallonmu ta ƙafa kuwa "soccer" suke ce mata. Wasannin ƙwallon kwando na NBA, gasar da Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ya lashe sau biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995, galibi bayan ƙarfe 12 na dare suke farawa a agogonmu, don haka mai niyyar kallo kai tsaye ya tanadi caji da data tun da la'asar.