Yadda Ake Sayen Shayin Boba a Karon Farko

Shayin boba ya samo asali ne daga Taiwan a shekarun 1980, kuma shayi ne mai madara wanda ake zuba wa ƙwayoyin sitacin rogo da aka dafa aka jiƙa a ruwan sukari. Wanda bai taɓa sha ba gara ya fara da baƙin shayi da madara, domin ta nan ake gane ko ganyen shayi masu shagon suke dafawa ko gari kawai suke damawa.

Za a tambaye ka yawan sukari da ƙanƙara. Ka nemi rabin sukari, saboda ƙwayoyin kansu suna da zaƙi, ka kuma rage ƙanƙara don kada ta narke ta tsinka shayin. Idan aka miƙo kofin a rufe da leda, sai ka girgiza shi, sannan ka huda ledar da tsinin bututun zuƙa a bugu ɗaya, domin mai yi a hankali shi ne shayin kan ɓata wa riga. Ƙwaya mai kyau tana da laushi da danƙo har ciki, wadda kuwa ta yi tauri, alama ce ta daɗe a ajiye. Ka tauna kafin ka haɗiye, kuma kada a ba ƙananan yara saboda tana iya shaƙe su.

Game da abin taɓawa, soyayyar kaza mai yaji ta dace da shayin, amma ka tambayi irin naman da man suyar, musamman a ƙasashen waje. Kada ka ajiye ragowar shayin a firji, domin sanyi yana taurara ƙwayoyin.