Kurakuran da muke yi wajen zaɓen fili a Legas

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne zuwa duba fili da rani. A watan Janairu ko'ina busasshe ne, dillali ya nuna maka wuri ya ce tudu ne. Koma a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi. In ba ka da halin jira, dubi katangar maƙwabta. Ambaliya tana barin zane a jikin bulo, na taɓa ganin wanda ya kai mini ƙugu. A Isheri, da kuma Agiliti da ke bayan kasuwar Mile 12, ko sama ba ta zubar ba, da an saki ruwan madatsar Oyan sai kogin Ogun ya shigo har ɗaka. Tambayi mai shago a layin, kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa.

Sai ƙyashin kuɗin awon ƙasa, kuma wannan yana ci mini rai. Wurare da yawa a Lekki da Ajah yashi aka cika a kan laka. Sama tauri, ƙasa taɓo. Ka zuba irin fandishon da ka saba da shi a Kano, shekara kaɗan bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, gida ya karkata. Kira injiniya ya huda ƙasar ya auna kafin ka biya. Shi zai ce shimfiɗar kankare ta isa, ko sai an kafa turaku zuwa ƙasa mai ƙarfi. Wani filin arahar, kuɗin turakunsa ya fi kuɗinsa.

Masu lambu, ku fara da ruwa. Kusa da teku rijiya kan ba da ruwan zartsi, alayyahu da latas su tsumbure. Ɗanɗana shi da rani, lokacin da gishiri ya fi fitowa, ka kuma bi kwatar da za ka ɗiba ka ga ko daga masana'anta ta fito.

Rasit ɗin omo onile, wato 'yan asalin wuri masu sayar da filayen da suke cewa gadonsu ne, ba shaidar mallaka ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Kai taswirar safiyo ofishin gwamnatin Legas da ke Alausa a duba ko gwamnati ta riga ta keɓe wurin, ko yana kan hanyar bututun mai, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki.