In tsani ya gaza: yadda zaka zaɓi injin hawa sama da yadda ake aiki dashi

Maganar gaskiya tsani hanyar wucewa ce, ba wajen tsayawa ayi aiki bane. Ka hau ka canza ƙwan fitila ka sauko, wannan ba matsala. Amma da zarar aikin ya koma na hannu biyu, dirila a dama, hagu tana tallafe da fanka ko allon silin, to ƙafafunka ne kaɗai suka rage akan ɗan ƙarfen da faɗinsa bai kai tafin hannu ba, kuma dama a irin lokacin ne mutum yake cewa bari in ɗan miƙa kaɗan ba sai na sauka na matsar ba. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya shawararta itace in aiki zai riƙe ka akan tsani sama da minti 30 a hawa ɗaya, ka nemi wani abun daban. To akan wannan wani abun zamu yi magana, injinan hawa irin waɗanda ake turawa da hannu ko a tuƙa ko a ja da mota, ba manyan kiren ba.

Kafin ka kira masu bada haya ko ka fara kallon hotunan injina a intanet, ɗauko tef ɗin awo. Fara da tsawo, dan anan mutane suka fi ruftawa. Kowane inji tsawo biyu ne a takardarsa, akwai inda dandamalin da kake tsaye akai yake kaiwa, akwai kuma wanda suke kira tsawon aiki, shi wannan sun ƙara mita 2 ne akan na farkon a lissafin inda hannun mutum zai kai in ya miƙe. Kaga in akace maka injin mita 8 ne, yawanci ƙafarka a mita 6 zata tsaya. Ka tambaya ƙarara, wannan lambar ta ƙafa ce ko ta hannu? In kai ba dogo bane, ko aikin sai ka danna dirila sama da ƙarfi, kar ka cinye mita 2 ɗinnan duka a lissafinka, ka bar rara. Daga nan auna ƙofar da injin zai bi, faɗi da tsayi, ka duba ko akwai dakali ko matakala a hanya. Sai ƙasan wajen, shi kuma mantawa ake dashi kwata-kwata. Ƙaramin lifi mai batir, wato injin ɗaga mutum sama, da zaka gani ka raina nauyinsa ya haura tan ɗaya, kuma duk nauyin akan ƙananan tayoyi huɗu yake, tayil mai rami a ƙarƙashi ko murfin kwata ko ƙasar da aka cike jiya ba zasu ɗauka ba. In a saman bene ne aikin, a tambayi injiniyan ginin tukunna.

Wani lokacin ma hawan ne bai zama dole ba. Sanda mai zugewa tana ɗaukar rolar fenti, tana ɗaukar zarton sare reshe, akwai mai kai na roba da yake cafke ƙwan fitila ya murɗo shi kana tsaye a ƙasa. Masu aikin silin kuma akwai injin ɗaga allo, ƙafa uku da tayoyi, ka kwantar da allon akai ka juya sitiyarinsa ya tafi dashi sama mita 3 da ɗoriya ya manna shi da silin ya riƙe, kai naka ɗaure sukuru ne kawai, aikin da ada sai mutum biyu sun tallafe da kai wuya na ciwo. Amma fa na kaya ne. Duk injin da akayi dan ɗaga kaya, ko da kuwa yana ɗaga esi mai nauyin mutum biyu, ba'a hawa kansa.

In hawan ya zama dole kuma aikin cikin gini ne, daga mita 3 zuwa 4, ni a ganina nan ne ya kamata a fi maida hankali saboda yawancin wayarin da fenti da gyaran fitila anan suke, kuma mutane raina wannan tsawon suke alhali faɗowa da ka akan siminti daga mita 2 ya isa ya gama da mutum. Mafi sauƙi shine matakala mai keji, ƴan matakai ka hau, dandamali mai faɗi, ƙarfen kariya ta kowane gefe, ka jawo ƙofa ka rufe, shikenan hannunka biyu sun zama naka. Gaba da ita akwai lifin da ake juyawa da hannu, ba batir ba mai ba waya. Wanda aka fi sani shine Pecolift na kamfanin Power Towers na Ingila, tsawon aikinsa mita 3.5, sai babban wansa Ecolift mai mita 4.2, kowanne yana ɗaukar kilo 150, kai da kayan aikinka kenan. Tura shi zakayi inda kake so, ka shiga ka rufe ƙofa, ka kama hannun ka juya, yana fara tashi birki yake kama tayoyin da kansa, duk inda ka daina juyawa nan zai tsaya. Ka gama ka juyo ƙasa ka tura gaba. Sharaɗinsa ƙasa mara laifi, shimfiɗaɗɗiya mai ƙwari, kuma cikin gini.

In tsawon ya wuce haka, kamar zauren taro ko sito ko masana'anta, sai lifi mai sanda ɗaya da take zugewa sama, mutum ɗaya a ɗan kwando. Kamfanin Genie na Amurka, wanda ya fara tun 1966, yana da jerin da yake kira AWP, babban cikinsu tsawon aikinsa yakai wajen mita 14 amma in aka sauke shi aka kishingiɗar dashi baya ta ƙofar ɗaki yake wucewa. Sirrinsa ƙafafu huɗu ne da ake zurawa a gindi. Ka zura kowacce har ta kulle, ka murɗa mariƙinta har tafin ya danne ƙasa tayoyin suka ɗan saki, idonka akan ɗan kumfan lebur ɗin dake gindin injin har sai ya zauna tsakiyar da'ira, fitilun ƙafafun huɗu duk su kama, in ɗaya bata kama ba injin bazai tashi ba kuma haka aka yishi da gangan, kar wani mai wayo ya zo ya haɗa waya ya tsallake. Abun da ake yi wanda yake kashe mutane shine na sama yace a ɗan sassauta ƙafafun a turo shi gaba taku biyu dan kar ya sauko. Wallahi kar ka yarda ko kai ne a sama ko kai ne a ƙasa. Saukowa a matsar a sake hawa minti nawa ne?

Lifi mai almakashi shine na aikin da yake tafiya, kamar jan waya ko bututu a doguwar baranda, saboda kana sama kana tuƙa shi a hankali kuma dandamalin ya ishi mutum da kayansa. Ƙaramin na cikin gini yana kai ƙafarka kusan mita 6, faɗinsa wajen santimita 76, yana ɗaukar kilo 227 ko kusa da haka. Sama kawai yake tafiya a miƙe, saidai ɗan dandamalin da ake zugowa gaba. Akwai na waje mai dizal da manyan tayoyi. Kar a haɗa su, wanda aka rubuta na cikin gini ne ba'a lissafa masa iska ko kaɗan ba, na wajen ma yawanci iyakarsa iska mai gudun mita 12.5 a daƙiƙa, kilomita 45 a awa kenan, kuma iskar sama ta fi wadda kake ji a ƙasa. In ka ɗora faffaɗan allo ko kwano ko ka ɗaura tamfol a jikin ƙarfen kariya to ka ba iska abun kamawa, wancan lissafin ya rushe.

In akwai abu a ƙarƙashin inda zaka taɓa, rumfa ko injina ko katanga, almakashi bazai yi ba sai mai dogon hannu da kwando a baki. Akwai wanda ake ja da mota kamar tirela, akwai mai ƙafafun gizo-gizo da yake shiga lungu ya baje. Anan ɗamarar jiki dole ce, da gajeriyar igiya wadda bazata bari ka fita daga kwandon ba, a maƙale ta a zoben da akayi dominta cikin kwandon, ba a jikin gini ko fol ɗin dake kusa ba. Dalili, in taya ta faɗa ɗan rami ko mota ta bugi gindin, girgizar da bata kai komai ba a ƙasa kafin ta isa bakin hannun ta zama bulala, sai ta cilla mutum kamar dutse a majajjawa. Wannan injin gaskiya ba na koyo da ka bane, a samu horo kafin a taɓa shi.

Sikafol mai taya, wato ƙarafan da ake harhaɗawa hawa-hawa a tsaya akai, shi ba inji bane amma yana cikin lissafi, musamman aikin da zai kwana biyu a waje ɗaya. Ƙa'idar Turai ta EN 1004 ta tsaida shi a mita 12 cikin gini, mita 8 a waje. Ta ciki ake hawa, ta ƴar ƙofar dake jikin dandamali, mai hawa ta waje jan sikafol ɗin yake zuwa kansa. Wajen haɗawa kana zaune a bakin ƴar ƙofar zaka sa ƙarafan kariya kafin ka miƙe tsaye. A taka birkin kowace taya, a buɗe ƙafafun tallafi, ba bulo ba guntun katako a ƙarƙashin taya. In za'a matsar a rage shi zuwa mita 4, ba mutum ba kaya a sama, a tura daga gindi.

To an kawo injin, me zakayi? Zagaya shi tukunna. Duba ƙasa ko mai ya ɗiga, duba tiyo ko ya tsage, taya, fil-fil ɗin ƙarfen kariya, ƙofa tana kullewa ko sai an ɗaure ta da waya, in sai an ɗaure a maida musu kayansu. Karanta farantin dake jikinsa, nauyi nawa, mutum nawa, na ciki ne ko na waje. Daga makunnan ƙasa ka ɗaga shi ba kowa a ciki ka sauke, ka danna jan maɓallin tsayawa ka ga ya mutu da gaske. Sannan abun da na fi so ka riƙe: kowane lifi yana da hanyar saukar gaggawa a gindi, wani ƴar waya ce mai jan mariƙi da ake ja, wani bawul ne da ake murɗawa. Ka nemo ta, ka kira wanda zai tsaya maka a ƙasa, ka ɗaga injin mita ɗaya kace ya ja da hannunsa ya ji yadda dandamalin yake saukowa a hankali yana huci. Ranar da batir ya mutu ko na sama ya suma ba lokacin neman littafi bane. Kuma kar kayi aikin kai kaɗai a gini ba kowa.

Kafin ka tashi ɗaga kai. Bim (ƙarfe ko kankaren da ya gitta a ƙarƙashin rufi), bututu, fanka, wayar wuta. Mutum yana kallon ƙasa yana danna sama sai bim ya matse shi da ƙarfen kariya ya kwanta akan makunnin, injin yaci gaba da hawa, dan haka in ka kusa silin a ɗan taɓa a saki ake yi. Wayar lantarki kuwa ba sai ka taɓa ta ba, babbar wuta tana tsallakowa, kuma waɗannan injinan ƙarfe ne zalla. A dokar OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, mafi ƙarancin tazara ƙafa 10 ne, wajen mita 3, ga layin da bai wuce kilovolt 50 ba, in ya fi haka tazarar ƙaruwa take. In aikin kusa da layi ne a kashe wutar kawai.

Kana sama ƙafa biyu akan dandamali. Ba taka ƙarfen kariya, ba kifa bokiti a hau, ba ɗora tsani a ciki, in baka kai ba injin ne yayi kaɗan a canzo wani. Kar ka tura ko ka ja abu da ƙarfi ta gefe, irin fizgar waya da ta maƙale, ƙananan injinan ƙarfin gefen da aka yarje musu bai wuce kamar kilo 20 ba in na mutum ɗaya ne, wayar na saki kai da injin zaku tafi tare. Ƙananan kaya a jaka ko bokiti, ƙasa kuma a kewaye da igiya kar wani ya ratsa, sifana daga mita 6 ba wasa bace. Kuma kar kowa ya zura hannu tsakanin almakashin sai an kafa ƙarfen tokare da yazo dashi.

An tashi aiki a sauke shi ƙasa gaba ɗaya, a zare makulli, a jona caji ya kwana. In batir mai ruwa ne a riƙa duba shi, tataccen ruwa (distil) ake ƙarawa, ba asid ba, ba na famfo ba, kuma bayan ya gama caji. A Birtaniya doka ce duk injin dake ɗaga mutum ƙwararre ya bincike shi duk wata 6, dan haka ko a ina kake in zaka karɓi haya ka nemi takardar binciken ƙarshe da littafin injin, ka duba lambar dake takardar tayi daidai da wadda ke jikin farantin.